Abin da Ke Bayan Gaisuwar Yaya

A gidanmu ba a rubuta wasiƙa. Baffa karatun allo ya yi, Inna ko shi ba ta yi nisa ba, kuma dukansu ba su yarda da maganar da ba a ji muryar mai ita ba. Saboda haka da Yaya ya tafi Ikko neman aiki, kaset yake aiko mana. Akwai wani direban babbar mota a unguwarmu mai kai bandar kifi da tattasai daga Haɗeja zuwa can, shi ke kawowa, wata biyu ko uku sau ɗaya. A takardar siminti yake zuwa an ɗaure da zare, in ka kai shi hanci ƙaurin kifi yake yi.

Ni ce mai kunnawa. Mu biyu ne muka rayu a 'ya'yan Inna, shi na fari, ni auta, tsakaninmu shekara tara da ƙananan kaburbura uku. Lokacin ina aji uku a sakandaren 'yan mata, ba a daɗe da yanke Jigawa daga Kano ba, kuma tunda ni ce 'yar boko, duk wani abu mai maɓalli a gidan ni ake kira. Ranar da kaset ya iso, Baffa zai sa a shimfiɗa masa buzu a tsakar gida bayan la'asar, a aika a kira Goggo, yayarsa, wadda ita ta riƙe Yaya tun da aka yaye shi. Maƙwabta mata biyu ko uku su ma za su shigo aron rariya su samu wuri su zauna. Inna kuwa nan take aiki zai taso mata. Sai ta ɗauki faifan shinkafa ta koma bakin madafi, tana tsintar tsakuwar da babu ita.

Mu Fulani ne, ko da yake rabonmu da ruga tun kakana, shanun ma 'yan kaɗan da suka rage suna wajen dangin Inna a gefen Miga. Yaren ya tafi ya bar mu da kunyar. Yaya ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido a gaban mutane ba. Yaron Goggo take ce masa. In an ce mata yaron Goggo yana gaishe ki, sai ta ce da wadda ke kusa da ita, "Miƙo min tsintsiyar nan."

Gaisuwar Yaya ba ta canzawa. Zai yi sallama, ya gai da Baffa, ya gai da Goggo, ya ce a gai da mutanen cikin gida, wato Inna. Ya bi unguwa gida-gida har liman da mai shayi. Ya tambayi ruwa, ko ya shigo fadama bana, ko tsuntsayen jan-baki sun bar wa mutane shinkafarsu. Ni a ƙarshe nake zuwa, bayan awaki: "A ce wa auta ta dage da karatu." Game da kansa kuwa magana ɗaya ce, lafiya lau, aiki alhamdu lillahi, a ci gaba da addu'a. Minti goma ya gama, a ji ƙat, ni kuma in danna in kashe.

Ran nan hannuna yana cikin kwanon gyaɗa, ban yi saurin kashewa ba. Bayan ƙat ɗin nan sai wani abu ya fashe a tsakar gidanmu. Ganga ce mai nauyi wadda ƙirji ke riga kunne ji, a kanta wani ƙato yana zuba Turanci kamar an taka masa ƙafa a layin kananzir, wani yana amsa masa daga baya. Ba rerawa yake yi ba, magana yake yi, amma maganar tana tafiya a kan kiɗan ba ta tuntuɓe. Goggo ta dafe ƙirji ta ce, "A'uzu billahi! Faɗa ne ya kaure a gidan da yake?" Baffa bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Kashe. Kiɗan mashaya ne."

Na kashe. Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne, kowa ya san yadda ake yi. Tsohon kaset ake samu, a toshe ɗan ramin da ke gefensa da takarda, a danna jan maɓalli, a ɗora magana a kan abin da ke ciki. Inda maganar ba ta kai ba yana nan yadda yake. Washegari na lallaɓa na duba waɗanda ya aiko a baya, guda biyar ne, huɗu duk irin wannan abin ne a bayansu.

Daga nan na samu sana'a. In na dawo daga makaranta bayan azahar, Baffa yana fadama yana fama da tsuntsaye, sai in ɗauki rediyon da bokitin wanki in zagaya bayan rumbu. In rage murya har sai na kwantar da kunne a jikin lasifikar. Batir ne matsalata. Na shanya su a rana, na cije su da haƙori, na koyi juya kaset da biro don kada in ɓata wuta wajen mai da shi baya. Baffa ya yi ta mita wai batiran yanzu ba su da albarka, ni kuma ina taya shi.

Mutum ɗaya na gaya wa, ƙawata ta aji, 'yar wani malamin lissafi mutumin Filato. Kiristoci ne, amma a Haɗeja aka haife ta, in ta ƙunduma ashar sai ka rantse jikar masunta ce. Ita ta ce min sunan abin raf, yayyenta na Jos suna ji, baƙaƙen Amurka ne ke yi. Yanzu na ji gidajen rediyo suna ce masa gambarar zamani. Mukan zauna da bayan littafin labarin ƙasa, a saurari layi ɗaya, a tsayar, a rubuta, a yi gardama. A kalma biyar mukan kama ɗaya, kuma kamar yadda aka saba da kowane yare, zagin muka fara iyawa. Ƙamus ɗin makaranta bai san rabinsu ba. Kafin shekara ta zagayo babanta ya samu aiki a jiharsu suka kwashe. Ta rubuto sau biyu, na amsa sau huɗu. Na koma bayan rumbu ni kaɗai, da rabin littafi na kalmomin da babu wanda zan tambaya.

A hankali kunnena ya buɗe. Ba zan wanke su ba, bakinsu ya fi kwatar kasuwa ƙazanta. Abin da suke kiran mata, in na tuna ni ma mace ce, sai in ji kamar in jefa rediyon a rijiya, akwai waƙa guda da har yau ban yafe wa mai ita ba. Ga alfahari da bindiga, ga kirarin kai da ko ɗan dambe zai ji nauyin yi. Amma a tsakiyar wannan shara akwai abin da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Mutum ya buɗe baki ya ce ina cikin wahala, ga wanda ya sa ni, ga sunansa. Wani yana jero abokansa da aka binne tun ba su yi gemu ba. Wani yana tuhumar uban da ya gudu ya bar su, ba sakayawa, ba wani mutum a wani gari. Wani ƙato da shi ya ce tsoro yake ji, kuma a gaban duniya ya faɗa.

Mu habaici muka iya. Makaɗinmu in zai zage ka sai ya bi ta kan akuyar maƙwabcinka, kowa ya gane, babu wanda aka kama. A gidanmu ma ko habaicin ba a yi. In abu ya dame ka, ka dama shi da fura ka shanye. Baffa yana da wani karin magana da ya rene mu da shi, wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, cikin nawa ya cika tun ina 'yar shekara goma sha biyar, ban ma san da me ba, ga kowa yana yabona da shiru-shiru. Sai ga waɗansu mutane a bayan duniya suna yin ihun da nake riƙe da shi. In na saurare su rabin awa, sai in tashi in ɗauraye wankina ina jin jikina sakayau.

Sai na yi wa kaina wani tunani. Na ce Yaya ba sakarai ba ne, ya yi sakandare, yana jin Turanci. A duk gidan ni kaɗai ce zan gane abin da ke bayan gaisuwar, kuma ya sani. Ashe minti goman farko na Baffa da Goggo ne, sauran duk nawa ne. Lafiya lau ɗin nan ta manya ce, gaskiyar tana baya: yana cikin wuya, garin ya yi masa zafi, kunya ta hana shi dawowa hannu rabbana. In kaset ya zo da mai kukan abokinsa, sai in kwana biyu ina tunanin wa ya rasu a cikin abokan Yaya. Mutumin da bai taɓa zama ya yi hirar minti biyar da ni ba, na mai da shi aminina. Shekara uku ina hira da shi a bayan rumbu, kuma kaɗaicin ya yi min sauƙi ƙwarai.

Inna ta san abin da nake yi, uwa ce. Ita ke ajiye kaset ɗin a kwallarta ta ƙasa, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa, ta hana a ɗora amsa a kansu, wai masu kyau ne. Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke, kunna mahaukatan nan naki in ji ko sun gama faɗan." Na ɗauko na sa, kuma Allah ya ba ni basira na mai da shi farko. Muryar Yaya ta fito yana sallama. Na ce, "Af, na yi kuskure." Ta ce, "Bar shi ya wuce da kansa, kada ki lalata abin mutane." Garin nan sau uku ta tankaɗe shi. Da mahaukatan suka shigo ta ɗan saurara, ta ce, "Wannan dai uwarsa ba ta jin daɗi," ta miƙe. Tun daga ranar duk sati sai ta nemi mahaukata, ni kuma duk sati sai na yi kuskure.

A shekara ta huɗu da tafiyar Yaya, wajen farkon bazara, Inna ta fara ciwon ciki. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka sha rubutu, aka je asibitin gari, aka tura mu Kano. Muka kwana goma sha biyu a can, likita ya ja Baffa gefe, da suka gama sai Baffa ya ce mu haɗa kaya. Ni na ji abin da likitan ya faɗa wa ma'aikaciyar jinya da Turanci, kuma ban buƙaci ƙamus ba. Kafin damina ta zauna Inna ta zama kara, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu, ni ke juya ta, ni ke wanke ta. In an tambaye ta jiki ta ce da sauƙi.

Ana cikin haka direba ya aiko cewa jibi zai kama hanya, in akwai saƙo. Baffa ya sayo kaset, aka shimfiɗa buzu da hantsi, na danna maɓallai biyu. Ya yi sallama, ya ce kowa lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka. Ya ce, "Mutanen cikin gida sun ɗan yi zazzaɓi, amma da sauƙi." Goggo ta karɓa ta maimaita. Da na tsayar sai na ce, "Baffa, ba za a gaya masa ba?"

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. "A gaya masa me? Ke kika san gaibu?"

"Ya zo ya gan ta."

"Na nesa ba a aika masa tashin hankali. Ya bar aikinsa ya kamo hanya a rikice, in wani abu ya same shi fa? In Allah ya yi za su gana, za su gana." Ya miƙe ya zura takalmi. "Ki naɗe ki kai wa direba."

Ba mugunta ba ce, yanzu na sani. Haka aka yi masa da tasa uwar ta rasu yana Kafin Hausa, sai da ya iso ƙofar gida ya ga tabarmi a shimfiɗe. Shi a wajensa tausayi ke nan. Na shiga wajen Inna na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta ce, "A ce wa yaron Goggo ya riƙa cin abinci."

Da Baffa ya wuce fadama na ɗauki rediyon na zagaya bayan rumbu. Na nemo inda Goggo ta tsaya, na bar ɗan shiru, daidai wurin da nake ganin saƙonsa yake fara zuwar min, na danna. Niyyata in faɗa a hankali cikin ladabi. Abin da ya fito daban. Na kira shi da sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba. Na ce duk abin da ka ji a baya ƙarya ne. Inna mutuwa take yi, likita ya sallame ta, ko kofi ba ta iya riƙewa. Na ce shekara huɗu kana aiko mana lafiya lau kamar ka samu yara, kai matsoraci ne, girman kai ya hana ka zuwa don ba ka tara abin nunawa ba, to ka zauna, in an binne ta sai ka aiko kaset a kunna wa kabari. Na ce Baffa matsoraci ne, Goggo matsoraciya ce, a gidan nan an fi tsoron magana a kan mutuwa. Na zage shi iyakar iyawata, ko da yake tunda uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, rabin ashar ɗin Hausa ba ta yi min amfani ba. Maganar tana fita tana hawa kan juna, ina jin gangar nan a ƙarƙashinta, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A ƙarshe na ce, "Na ji duk abin da kake aiko min, na gane. Yau kai ma ka ji nawa." Ban saurara ba, don na san in na ji zan goge. Sai da na miƙa wa direba na dawo na tuna ban faɗi saƙon Inna na cin abinci ba.

Kwana goma sha ɗaya ban ci abincin kirki ba. Ruwa ya yi ta sauka, kogi ya cika ya haye gonakin gefen gada, aka ce hanya ta yanke wajen Jahun. Kullum da safe sai na duba ko Inna tana numfashi, sannan in kasa kunne ga ƙofa. Rana ta goma sha biyu da hantsi muka ji sallama a zaure. Yaya ne, ya rame, ya yi baƙi, wandonsa taɓo har gwiwa, jaka ɗaya 'yar ƙarama a hannunsa.

Ya durƙusa ya gai da Baffa, suka yi gaisuwa doguwa kamar jiya suka rabu. Sannan ya shigo ya tsuguna a bakin ɗakin Inna, bai haye dokin ƙofa ba. Ya ce, "Sannu da jiki." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta ce da ni, "A kai wa baƙo ruwa." Shi ke nan. Na tsaya da moɗa a hannu, takaici ya cika ni. Na zubar da mutuncina, na zagi gidanmu kaf, don wannan?

Kafin magariba Baffa ya san komai, kuma ba daga bakin Yaya ba. Abin da ban yi tunani ba, ni mai wayo, shi ne yadda muke taruwa a ji kaset ɗinsa, haka su ma suke taruwa a ji namu. Duk 'yan Haɗeja da ke kwana a zango ɗaya da shi sun zauna jin labarin ruwa da shuka, har da direban, sai ga auta. Wai Yaya ya kai hannu zai kashe, wani dattijo mai sayar da goro ya riƙe hannun ya ce a bar yarinya ta gama. Su suka sa shi a mota. Direban kuwa bakinsa ba linzami, kafin sati labarin ya gama unguwa, in na je ɗibar ruwa ana nuna ni da baki. Baffa bai doke ni ba. Ya kira ni zaure ya ce, "Ashe mai shela na haifa." Daga ranar in na gaishe shi lafiya kawai yake cewa, har bayan Babbar Sallah.

Duk wannan na shanye, don ina ganin akwai mutum ɗaya da ya fahimce ni. Washegarin zuwansa na kai wa Yaya kunu a zaure, na tsuguna ina jira ya ɗago. Bai ɗago ba. Na ce, "Yaya, na kusa haddace ta ƙarshen nan da ka aiko. Mai maganar babansa."

"Baban wa?"

"Waƙar. Ta bayan kaset."

"Wace waƙa?"

Na yi masa bayani, ina jin muryata tana ƙanƙancewa. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce wani mai sayar da kaset ne a bakin tasha yake ba shi waɗanda aka dawo masa da su, shi ko saurara ba ya yi, ya toshe ramin, ya yi magana, ya cire. "Wannan hayaniyar? Ni ciwon kai take sa ni. Ashe shirmen da kike ji ke nan ya lalata miki baki." Ya kurɓi kunu ya ajiye. "A gaban mutane kika kira ni matsoraci. Na ji, kuma ba zan manta ba."

Bai manta ba kuwa. Yau kusan shekara talatin, muna zumunci, 'ya'yansa a gidana suke hutu, amma bai ƙara ce min auta ba. Malama yake ce min, yadda iyayen ɗalibaina suke faɗa.

Na zagaya bayan rumbu na zauna ba rediyo. Ban taɓa jin ni kaɗai ce a duniya ba kamar wannan hantsin. Shekara uku ashe da bango nake hira. Babu wanda ya aiko min da komai, sharar wani gari ce ta faɗo gidanmu na tsinta na rungume. Na yi kuka sosai, ba na Inna ba, wannan yana gaba. Kukan aminin da ban taɓa samu ba na yi.

Duk da haka, har yau in ɗalibai sun wuce da irin wannan kiɗan a waya, 'yan uwana malamai suna tsaki suna cewa tarbiyya ta lalace, ni ba na sa baki. Na san ƙazantar da ke ciki, na fi su sani, da hannuna na rubuta ta a littafi. Amma na ga mutanen kirki, masu ladabi, masu sallah a kan lokaci, sun shirya tsaf za su bar uwa ta mutu ba ta ga ɗanta ba, don kada a faɗi magana marar daɗi. Mu muka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a bakin waɗancan marasa kunyar na ga ana aiki da maganar. Su suka koya min buɗe baki, alhali ba su ma san akwai wani gari Haɗeja ba.

A kwana na uku da zuwan Yaya aka tashi da ruwa mai iska. Na sauke asabarin ƙofar Inna saboda feshi yana shigowa, na ƙara mata bargo. Ta ce, "Ɗaga."

Na ce, "Inna, sanyi ake yi."

"Zafi nake ji," ta ce, haƙoranta suna haɗuwa.

Na ɗaga ina mita a zuci. Da na sunkuya zan gyara mata matashi, kaina ya zo daidai nata, sai na ga abin da take gani. Ta ƙofar, can ƙetaren tsakar gida, Yaya ne a gefen rumfa, ya ba mu baya, yana gyaran dangar da ruwa ya kayar. Dangar ba ta fi aikin awa ɗaya ba. Ya ɗaure ya kwance, ya sake ɗaurewa, bai waiwayo ko sau ɗaya ba, kuma bai matsa daga inda ƙofar ke kallo ba. Inna ta zame mayafin kaɗan, ido ɗaya a waje.

Kwana tara ya yi yana gyaran dangar nan, a ruwa da rana. Ban ƙara sauke asabarin ba sai ranar da aka fito da ita ta ƙofar, shi ne a gaba, ya riƙe wajen kanta.